Tiyo ya tsage ana tsakiyar ban ruwa, wa ya taɓa gyarawa ya riƙe?

Mai lambu, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tiyon da nake ba lambun bayan gida ruwa, mai inci 1, amalanke ya taka shi ya tsage tsawon yatsa. Na shafa sufa gulu na naɗe da salatif, ko kwana biyu bai yi ba ya dawo yana feshi, har ya jiƙa mini wando. Wanda ya taɓa gyara nasa ya taimaka.

Manomin albasa, Aliero:
Wa alaikumus salam. Malam, kuɗin gulu sun tafi. Shi in ya bushe sandarewa yake, tiyo kuwa kullum cikin lanƙwasa, dole su rabu. Ni yanke wurin nake yi gaba ɗaya, baki ya daidaita, in samo guntun fayif tsawon tafin hannu wanda sai da ƙyar zai shiga. Tsoma bakunan biyu a ruwan zafi su yi laushi, tura fayif rabi nan rabi can, ɗaure da kilif biyu. In babu kilif waya ta yi, amma a murɗa da hankali. Ta taɓa yanke mini tiyo kamar reza.

Ɗan fadama, Argungu:
Mu nan robar tub ta babur munka sani. Ka karɓi tsohon tub wurin mai faci, ka yanka faɗin yatsa biyu, ka ja ta har ta yi siriri sannan ka naɗa, ka fara tun kafin tsagar, ka wuce ta. Amma a bambanta tiyon da ke kai ruwa da mesar da ke zuƙo shi daga rijiya. Bara cikin Maris injinmu mai inci 3 ya ƙi jan ruwa. Munka kira makanike, anka canza sil, wato abin da ke hana injin yoyo, anka biya, shiru. Kwana uku shinkafa na nannaɗe ganye, ƙasa ta fara darewa. Ashe huji ne kamar na allura a jikin mesa, kuma ba ya ɗiga, tunda iska yake sha zuwa ciki. Ƙanena ya toshe baki ɗaya ya cika ta da ruwa, sai ga wurin yana tsattsafowa. Guntuwar roba ta gama aikin da munka kashe dubbai a kai.

Uwar gida, Jega:
Ni nawa rana ce ta cinye shi. A tsakar gida yara ke barin sa, duk ya tsattsage kamar kaushi. Ɗauri bakwai na ƙirga kafin na haƙura na sayi sabo. Wannan kam ana gamawa a zubar da ruwan ciki, a naɗe, a rataye a zaure.

Manomin albasa, Aliero:
Hajiya, bakwai ai kin yi haƙuri. Na manta ban faɗa ba, faci da sholisho yana kama baƙin tiyo na roba zalla idan an kankare wurin ya bushe. Masu santsin nan kore da ruwan ɗorawa ba ya zama a kansu.

Mai lambu, Birnin Kebbi:
Allah ya saka da alheri. Na yanke na sa fayif bayan la'asar, feshi ya tsaya. Sai dai gefe ɗaya yana ɗan ɗiga, da alama fayif ɗin ya yi masa ƙanƙanta. In naɗa roba a jikinsa kafin in tura, ko in nemo wani?