Neman kalma: me za mu kira cytoskeleton?

Malamar Kimiyya, Gusau: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan naɗi shirin kimiyya na rediyo, na zo kan cytoskeleton na cije. Zaruruwan furotin ne da ke cikin ƙwayar halitta, su ke riƙe mata siffa. Iri uku ne: na aktin masu kaurin nanomita 7 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), matsakaita wajen 10 irin su keratin, sai bututun tubulin masu 25. Ina son kalmar da mai saurare a Tsafe zai gane.

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam. Ƙwarangwal ɗin ƙwaya. Abin da Bafaranshe Paul Wintrebert ya nufa ke nan da ya raɗa sunan a 1931.

Likitan Yauri: Ƙwarangwal zai ɓatar da mutane, Malama. Ƙashi a tsaye yake, waɗannan kuwa kullum ginuwa suke suna warwarewa. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, bututun nan ne ke sake jeruwa su ja kuromosom, masu ɗauke da bayanan gado, zuwa gefe biyu. A kansu furotin ɗin da ake kira kinesin da dainin ke dakon kaya daga wannan sashe zuwa wancan, bututun ne kuma cikin wutsiyar maniyyi. Aktin da mayosin su ke tsuke tsoka. Ni dai saƙar ƙwaya.

Baban Kaura: Tsaiko! Wanda ya taɓa ganin ana ɗaura tsaikon ɗaki ya gama ganewa. Tsaikon ƙwaya, magana ta ƙare.

Ɗan Argungu: Baba, yaran birni ba su san tsaiko ba, ƙarƙashin kwano suka tashi.

Baban Kaura: To su koya, ɗana. Ba aikin rediyon ke nan ba? Kun yarda da nanomita da kuromosom ba gardama, sai kalmar kakanninku ce ta yi muku nauyi. Da wani farfesa daga Kano ya ce tsaiko, da tuni kun sa a littafi.

Ɗaliba, Birnin Kebbi: Allah shi ba ka haƙuri, Baba. Amma jarrabawa da Turanci ake yi. A ce saitosikelitin kawai, mu huta.

Baban Kaura: Faɗa ma kakarki hakan ki ji.

Likitan Yauri: Ranka ya daɗe, ba zancen Kano ba ne. Tsaiko in an ɗaura ya ɗauru, ciwonsa ɗaya da ƙwarangwal.

Baban Kaura: Ana kwance shi, ana ma ɗaukarsa a kai wani ɗaki. Saƙa wane nauyi take ɗauka?

Malamar Kimiyya: Na gode duka. Lokaci ya ƙure. Zan faɗi sunan Turancin sau ɗaya saboda ɗalibai, in ci gaba da saƙar ƙwaya. Tsaiko zai shigo wajen bayanin siffa.

Baban Kaura: Wajen bayani kawai? To. Zan saurara, amma ban sa hannu ba.