Yaro mai lalurar ADHD: abin da masana suka ba da shawara

ADHD lalura ce ta kasa mai da hankali da rashin zama wuri ɗaya. Bakin masana ya zo ɗaya cewa ba taurin kai ba ne. Binciken hoton ƙwaƙwalwa na 2007 a Amurka ya gano ɓangaren goshi, mai taka wa ɗabi'a birki, yana makarar nuna da kusan shekara 3. Shi ya sa ɗan shekara 10 kan yi wautar ɗan 7.

Sai a rage masa kaya: umarni ɗaya, ido cikin ido, ya maimaita da bakinsa. Yabo nan take, don alkawarin gobe ba ya riƙe shi. Barci awa 9 zuwa 12. Yi masa duka kuwa ƙara dagula lamarin yake.

Ƙasa da shekara 6, horar da iyaye ake fara yi kafin magani. In likita ya rubuta maganin methylphenidate, a riƙa auna nauyi da tsayi, don yana rage cin abinci.