Kawuna malamin lissafi ne, amma rubutu yake sha

Ɗan Tudun Wada: Jama'a abin nan ya ishe ni. Kawuna ya tsufa yana koyar da lissafi, ko labari ka ba shi sai ya ce ina hujjarka. Jiya na leƙa ɗakinsa a Ƙofar Doka na tarar yana wanke allo a kwanon sha, ga laya ƙarƙashin matashi. Ya za a yi mai ilimi ya zauna da camfi?

Malam Na Kusfa: Yaro, janye kalmar camfi. Ayar Allah ce a allon nan.

Ɗan Tudun Wada: Allah gafarta Malam, layar nake nufi.

Abu Sumayya: Kada ka janye komai. Laya ai ta wuce camfi ma.

Malam Na Kusfa: To, ga su nan sun iso.

Maman Ilham: Camfi shi ne a ce kada ka yi shara da dare. Hatimin da ake zanawa cikin laya kuwa lissafi ne tsagwaronsa: gida tara, uku-uku, ka jera 1 zuwa 9 bisa tsarinsa, kowane layi ka haɗa 15 za ka samu. Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi a kan wannan a 1732, a Alƙahira ya rasu a 1741. Shi ma Newton na Ingila, masanin kimiyyar da kuke taƙama da shi, tulin takardu ya bari kan alkimiyya, wato neman mayar da ƙarfe zinariya.

Bakatsine: Alhamdu lillahi, namu ne. Zazzagawa sai iya gardama.

Ɗan Samaru: Wa ya kasa da kai? Karatun ma ai nan kuke zuwa nema.

Abu Sumayya: Hajiya, jimlar 15 ba ta sauke zazzaɓi. Kuma Newton ba hujja ba ne a addini.

Maman Ilham: Ni ban ce tana saukewa ba. Kuma ban je Makka ba tukuna, bar ce min Hajiya.

Bakatsine: Allah ya kai ki, ki biyo ta Katsina.

Ɗan Tudun Wada: Wai ni kam tambayata fa?

Malam Na Kusfa: Tunda ni na buɗe zauren nan, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa yaron nan ya yi wa kawunsa rashin kunya, kuma 'yar'uwa ta tabbatar da hatimi da hujjar Turawa. Abu Sumayya bai kawo komai ba. Na rufe.

Abu Sumayya: Ittifaƙin wa?