Na bar Windows na koma Ubuntu, Wi-Fi ya ɓace

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare na goge Windows daga laftof ɗina na sa Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux. Sauti na yi, kyamara na yi, amma Wi-Fi ko alamarsa babu a saman allo. Da waya nake muku rubutun nan, a taimaka don Allah.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Kafin a fara jefo maka magunguna, bari mu san cutar. Buɗe Terminal ka rubuta lspci -nnk | grep -iA3 net, bayan shi kuma rfkill list. Ka turo abin da suka nuna.

Zainabu: Ka kuma duba maɓallin nan mai hoton jirgin sama a layin sama na madannai. Ni na taɓa kwana biyu ina wahala, ashe shi na danna da gwiwar hannu. In rfkill ya nuna Hard blocked: yes, to daga nan ne.

Auwalu: Anti Zainabu na duba, ba a toshe komai ba. Malam, sunan katin Wi-Fi ɗin Broadcom BCM43142.

Malam Nura: Yawwa, an gano shi. Wannan katin direban (manhajar da ke sa shi aiki) da ake kira wl yake so, shi kuwa rufaffe ne, shi ya sa Ubuntu ba ya sa shi da kansa sai in ka amince da manhajojin waje lokacin girkawa. Matsalar ita ce sai da intanet za ka sauko da direban intanet. Haɗa wayarka da laftof da kebul, ka kunna USB tethering, nan take zai ɗauka kamar an jona masa kebul ɗin intanet. Sai ka shiga Software & Updates, ɓangaren Additional Drivers, ka zaɓi na Broadcom.

Sadiq: Ni dai da ni ne, Linux Mint zan sa in huta.

Malam Nura: Mint ai a kan Ubuntu aka gina shi, Sadiq. Direban nan dai zai sake nema a can.

Auwalu: Na sa, na kashe na kunna. Shiru Malam.

Malam Nura: Da ya tashi, ba ka ga wani shuɗin allo mai rubutun MOK ba?

Auwalu: Na gani. Tsoro ya ba ni, na danna Continue boot.

Malam Nura: To nan gizo ke saƙa. Secure Boot, tsaron da ke gadin tashin laftof, a kunne yake, kuma ba ya barin direban da bai san sa hannunsa ba ya hau. Shuɗin allon nan dama ce ya ba ka ka gabatar masa da makullin, wato MOK, kai kuma ka wuce. Rubuta sudo update-secureboot-policy --enroll-key, ka ba shi kalmar sirri mai sauƙin tunawa. Ka kashe ka kunna, in allon ya dawo ka zaɓi Enroll MOK ka sa ta. Wasu kashe Secure Boot suke yi a BIOS, wato saitin tushen laftof, yana aiki, amma ni ban so a cire ƙofa don makulli ya ɓata.

Auwalu: Alhamdulillah ya fito! Allah ya saka da alheri Malam. Sai dai layin 5GHz na rautarmu bai bayyana ba.

Injiniya Bala: Ba zai bayyana ba ƙanena, katin 2.4GHz kaɗai yake ji, ko a Windows haka yake. In abin ya dame ka, canza shi da Intel AX200, direbansa na cikin kernel, wato zuciyar Linux, tun sigar 5.1, ba ruwanka da MOK. Amma fara buɗe bayan laftof ɗin ka ga ramin, M.2 ne ko tsohon mini PCIe, ka ƙirga wayoyin eriya, don wasu guda ɗaya ce kawai. Wasu tsofaffin laftof kuma BIOS ɗinsu ba ya karɓar baƙon kati.

Auwalu: Injiniya bari in more wannan tukuna. Sukurun bayan nan sai ƙarshen mako.