Wai mai cika manhaja da saiti rago ne?

Mai Kod: Jama'a raina a ɓace yake wallahi. Wata uku ina fama da 'yar manhajar kwamfuta da nake haɗawa, kowa ya zo sai ya ce a sa masa wajen kunna kaza da kashe kaza. Yanzu saitin sun kai 10, kowanne ko a kunne ko a kashe, lissafa ka gani, yanayi 1024 ke nan, wa zai gwada su duka? Jiya wani ya kunna biyu tare ta ƙi buɗewa. Duk mai tara saiti rago ne, shawara ya kasa yankewa ya jibga wa masu amfani.

Ɗan KDE: Rago? Malam janye kalmar nan. Mutanen KDE, masu haɗa fuskar kwamfutar Linux mai tarin saiti, ragwaye ne ke nan?

Maman Biyu: Ƙanena ni idona ba ya ganin ƙananan rubutu, in ba a ba ni wajen ƙara girmansa ba ai an kore ni ne, wanda ya zauna ya yi min wannan shi ne rago?

Mai Kod: Yaya ba irin naki nake nufi ba

Baban Yara: To ai ba ka ware ba. Kuma mai kasa yanke shawara ba rago ba ne, matsoraci ne, Hausar ma ba ka faɗe ta daidai ba.

Ɗan GNOME: Ragon ne dai. GNOME kishiyar KDE ce a Linux, GNOME 2 da ta fito a 2002 zubar da tarin saiti ta yi, mutuwa ta yi?

Ɗan KDE: Shi ya sa a 2005 Linus Torvalds da kansa, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ce mutane su koma KDE. Har yau sai kun sauke Tweaks, 'yar manhajar ƙarin saitin GNOME, kafin ku taɓa abu kaɗan.

Ɗan GNOME: Kai kullum Linus, uban wa ya haifa a nan?

Baban Yara: A'a ɗan'uwa, ban da iyaye.

Sabon Shiga: Don Allah a rajistirin Windows, wato rumbun saitinta, ake ajiye saitin ko a fayil kamar settings.json na VS Code, manhajar rubuta kod? VLC ma na ga ta raba nata biyu, mai sauƙi da cikakke

Ɗan GNOME: Ɗan KDE ya fara ba ni haƙuri tukuna.

Admin: Na rufe. Abin da aka tsayar shi ne rago zagi ne, Mai Kod ya yi kuskure, masu son a bar wa mutum zaɓinsa su ne da hujja, ni ma shekara da shekaru KDE nake kai ban ga aibunta ba. Ɗan GNOME ka same ni ta inbos.