Sauraron littafi a hanyar zuwa aiki: biyan kuɗin wata ya cancanta?

Ɗan Ikorodu:
Assalamu alaikum jama'a. A Ikorodu nake zaune, ina aiki a wani kamfanin shigo da kaya a Marina. Da na idar da sallar asuba nake kama bas ɗin BRT zuwa TBS (dandalin Tafawa Balewa), da yamma kuma layin jiran mota kaɗai ya isa ya cinye wa mutum la'asar. A Zariya na saba ba na rabuwa da littafi, amma tun da na zo Legas karatu ya gagare ni. In na buɗe littafi a mota jiri ke ɗibata, in na isa gida kuma barci.

Wani abokin aikina ya nuna mini Audible, inda ake karanta maka littafi kana saurare. Ya ce dala 14.95 yake biya duk wata, wato wajen naira dubu ashirin ko fiye, gwargwadon canjin ranar. Ga mai albashi irin nawa kuɗi ne masu nauyi. Waɗanda suka gwada, don Allah ku faɗa mini gaskiya: mutum na fahimtar littafi a cikin hayaniyar motar Legas? Yana cin data sosai? Sannan akwai na Hausa a ciki?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma'aikaciyar jinya ce, daga Agege nake zuwa Yaba, kuma tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024 na koma shi. Na daɗe ina biya, don haka bari in fayyace maka abin da kuɗinka zai saya.

Duk wata za a ba ka kiredit ɗaya, ka ɗauki littafi ɗaya da shi, komai tsadarsa. Wannan ya zama naka, ko ka daina biya yana nan a wayarka. Ban da shi akwai wani rumbun littattafai da za ka saurara ba iyaka, amma su ranar da ka daina biya ake rufe maka su. Saboda haka kada ka kashe kiredit a littafin awa huɗu. Nemi mai awa ashirin ko talatin, wanda zai kai ka ƙarshen wata.

Data ba ita ce damuwar ba. In ka zaɓi ƙaramin inganci, awa ɗaya wajen megabait 14 ce, kuma muryar mutum ba ta buƙatar fiye da haka. Ka sauke littafin gaba ɗaya da wayifai na ofis, don akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa a hanya.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne mai karatun. Kowane littafi yana da ɗan samfuri na 'yan mintuna kyauta, ka saurara kafin ka saya. Akwai Baturen Amurka da zai riƙa haɗiye kalmomi har ka rasa inda aka kwana, akwai kuma wanda muryarsa za ta zauna maka daram. Ana iya rage saurin karatun, ni a 0.9 nake ajiye nawa. A jirgi ina bin littafin tarihi ba wahala. Ranar da na shiga danfo kuwa, kwandasta na ihun Oshodi, direba ya ƙure kiɗa, sai labari mai sauƙi kawai nake iya bi.

Ka kuma tambayi bankinka tukuna. Ba su da shagon Najeriya, da na Amurka ko na Ingila ake rajista, kuma ba kowane katin naira ke biyan kuɗin waje ba. Nawa ya ƙi, sai da na buɗe katin dala.

Direban Apapa:
Hajiya ta gama magana a kan na Turanci. Tambayarka ta uku ita ta taɓa ni. Tirela nake ja, kuma wanda ya san layin shiga tashar Apapa ya san abin da ake kira jira. Ɗana ya duba mini wannan manhaja, bai samo mini labarin Hausa ko ɗaya ba, sai 'yan darussan koyon harshe.

Mu abin da muke yi, ka kai memori wurin yaran da ke cajin waya a Mile 12 ko Agege, su cika maka shi da tafsiri, wa'azi da littattafan Hausa da aka karanta. A YouTube ma akwai masu karanta su babi-babi, kamar yadda gidajen rediyon Kano suka daɗe suna yi. Amma abin yana ci mini rai. Baiwar Allah ta zauna a Kano ko Gusau ta rubuta littafi, wani ya karanta ya ɗora, mu dubbai mu ji daɗi, ita ko sisi ba lallai ta gani ba. Wallahi da za a samu wanda zai tattara marubutanmu, ya ɗauki masu murya mai kyau, ya sa kuɗin wata da naira, ni ne farkon biya. Direbobi, masu gadi, 'yan kasuwar shanu, duk masu saurare ne, kuma da yawanmu karatun boko bai yi nisa ba.

In kana tuƙi da kanka wata rana, kada ka toshe kunne. Haɗa da sifikar mota.

Sadiya Idi-Araba:
Yaya, kafin ka fitar da ko kwabo, gwada kunnenka. Akwai LibriVox, kyauta ne, masu sa kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Muryoyin ba duka ke da daɗi ba, amma za ka gane ko kai mai iya bin littafi da kunne ne. Wasu ba sa iyawa, hankalinsu tafiya yake yi. In ka gama guda ɗaya, sai ka karɓi gwajin kwana 30 na Audible, ka sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin ya cika, domin da ya cika za a fara cirar kuɗi.

Sannan ka yi hattara da waya. A gabana aka fizge ta wata mata ta taga muna cikin gosulo, tana ƙoƙarin mayar da abin da take ji baya. Ka sa wayar can cikin jaka, ka sayi abin kunne mai maɓalli, kuma kunne ɗaya kawai za ka sa, ɗayan ya ji abin da ke faruwa a mota.

Ɗan Ikorodu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da na kyautar kamar yadda Sadiya ta ce. Hajiya, in wata ya wuce ban taɓa kiredit ɗina ba, ya ƙone ke nan?

Maman Hanifa:
A'a, yana taruwa, amma ba har abada ba, yana da wa'adi. Kuma in za ka daina biya, ka fara kashe duk wanda ya rage a kan littattafai kafin ka soke rajistar, don littafin da ka saya ne kaɗai zai bi ka.