Na ɗauko jarumin wani littafi na sauya masa kama don koyo, an ce na yi satar fasaha

Tela_IdiAraba:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon zancen. Ni ɗinki nake yi a nan Idi-Araba a Legas, rubutun da dare nake taɓawa a waya in na tashi daga kan keke, ban fi wata takwas da farawa ba. Matsalata tun farko mutanen cikin labarina duk bakinsu ɗaya, uwar da 'yar da saurayin duk kamar ni ce nake magana, toh sai wata a gurup ɗinmu na WhatsApp ta ce in ɗauki tauraron wani littafi da nake so, wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa, in sake masa kama in riƙa gwada hannu da shi har in gane yadda ake gina mutum a labari. Na ɗauko wani jarumi da na karanta tun ina sakandare, irin miskilin nan mai kuɗi da ba ya magana sai da ido, na canza masa suna, na ɗauke shi daga Abuja na kawo shi Lekki, motar ma na canza, shi fari ne nawa na mai da shi baƙi. Feji uku na tura, wlh ko awa ɗaya ba a yi ba wata ta yi kwament wai ai wannan wane ne na littafin wance, satar fasaha ce ƙiri-ƙiri, wasu suka biyo bayanta. Abin ya min ciwo sosai don ban yi da niyyar cin haƙƙin kowa ba, kwana biyu ko leƙa gurup ɗin ban yi ba. Shi wannan atisayen ana yin sa ko tun asali kuskure ne? In kuma ana yi, me da me ake canzawa har mutum ya zama naka?

Ɗan_Mile12:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ana yi mana, ni ma da shi na koya, kar wannan ya sa ki ajiye rubutu. Amma gaskiya ɗaya ce, riga da hula kika canza masa, mutumin yana nan ciki, shi ya sa aka hango shi tun daga nesa. Mai karatu ba da suna ko mota yake gane tauraro ba, da abin da yake so yake gane shi, da abin da yake tsoro, da yadda yake yi in an matsa shi a lungu.

Ni da Gizo na fara tunda shi na kowa ne. Abu ɗaya na riƙe a jikinsa, kwaɗayin nan haɗe da saurin dabara, sauran na zubar har da tsamin bakin. Na mai da shi ejan gidaje a Agege, yana yawo da tarin makullai a aljihu, ɗaki ɗaya ya karɓi kuɗin agiriman da kamasho a hannun mutum uku. Da na karanta wa abokaina suka yi dariya suka ce Gizo ne ya shigo Legas, kin ga ashe ban je ko'ina ba kenan. Na yi kusan wata ina juya abin, sai wata rana da asuba ana sauke tumatir daga mota a kasuwa na ji wani ɗan dako yana waya, kwando a kansa ruwan tumatir yana bin wuyansa har cikin riga, yana cewa "Inna ki kwantar da hankalinki, shago yana tafiya lafiya lau, yanzu ma yarana ne suke sauke min kaya." Wlh jikina ya yi sanyi. A daren na ba ejan nawa uwa a ƙauye wadda ta yi imani ɗanta yana da gidaje a Ikko, duk cutar da yake yi don kar wannan ƙaryar ta fashe ne, duk wata sai ya tura mata kuɗi irin na mai gidaje. Ƙoƙi ma ban bar ta a matarsa ba, na mai da ita tsohuwa mai sai da tuwo da take rubuta bashinsa da alli a bango, ita kaɗai ta san a baranda yake kwana. Ina cikin rubutu sai ga shi ya damfari wani yaro sabon zuwa, daga baya ya gane ɗan garinsu ne, cikin dare ya je ya tura masa kuɗin ta ƙarƙashin ƙofa bai bari an gan shi ba. Gizo ba zai taɓa yin haka ba, a nan na san ya zama nawa.

Naki miskilin kuma ki lura, shirun mai kuɗi ba ya jawo masa asara, direba da mai gadi da aljihu su suke masa magana. Ki ƙwace kuɗin, ki sa shi a danfo, bas ɗin hayar nan ta Legas, daga Oshodi, kwandasta ya riƙe masa canji, ga shi an kusa inda zai sauka kuma in bai ɗaga murya ya ce "owa" ba wucewa za a yi da shi. Zai buɗe baki, ko zai bari a zarce da shi tasha biyu ya dawo a ƙafa? Feji ɗaya kawai ki rubuta a kan wannan. Mai littafin ba ta taɓa sa shi a danfo ba, babu inda za ki leƙa, dole daga kanki amsar za ta fito.

Malamin_Hausa_Agege:

Malama, abin da kike yi ba baƙo ba ne a adabinmu. Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937, da yawan labaran ciki daga wasu wurare ya samo su, akwai na Alfu Laila, akwai na tatsuniyoyin Jamus, ita kanta dabarar aku mai ba da labari don ya tsare mutum daga fita tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa. Amma ya sake musu gini tun daga tushe, fada ta zama fadar sarkin Hausa, ga waziri ga dogarai ga alƙali, maganarsu da rantsuwarsu da abin da suke jin kunya duk namu, har yaro ya karanta a aji bai taɓa kawowa ransa cewa baƙi ne ba.

Sai dai a raba abu biyu. Littafin atisaye daban, abin da za ki fitar wa jama'a da sunanki daban. A cikin wayarki ki yi duk gwajin da kike so. In za ki saka a Wattpad ko ki sayar a gurup ana tura miki kuɗi, akwai doka, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar wa marubuci ikon sarrafa littafinsa zuwa wata siga, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan shekarar da ya rasu. Shi kansa Imam a 1981 ya rasu, kin ga sai ƙarshen 2051 kenan. Su Gizo da Botorami da Dodo babu marubucin da zai ce nasa ne. Haka ma miskilanci ko mugunyar kishiya, halin mutane ne ba wanda ya mallake shi, amma in kika ɗauko wane da tarihinsa da kalamansa da jerin abubuwan da suka same shi, wannan kam na mai shi ne. Kuskurenki ƙarami ne, da kin rubuta a sama cewa atisaye ne daga littafi kaza da ba wadda za ta ce miki komai.

Anti_Obalende:

Ni dai zan ɗan saɓa muku, ku yi min uzuri. Na fi shekara goma ina rubutu, kuma an taɓa ɗauke min tauraruwa sukutum, yarinyar da na yi shekara biyu ina ginawa, har tabon ƙunar da ke hannunta da yadda take kiran kakarta, aka canza suna aka sayar, da na yi magana aka ce min ai koyo ake. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, shi ya sa kalmar nan ta atisaye ba ta cika kwanta min ba, da yawa fakewa suke da guzuma su harbi karsana. Ke dai na ga alamar zuciyarki ɗaya tunda har kika zo kika tambaya.

Shawarata ƙanwata, in za ki ara daga littafi kar ki ara daga guda ɗaya, kuma kar ya wuce abu ɗaya, sauran ki nemo a bakin shagonki. Ke fa tela ce, mata nawa suke zama a bencinki kullum? Wadda ta kawo leshi mai tsada tana roƙon ki rage mata ɗari biyar, da wadda take cewa a matse rigar don kishiya ta gani, da amaryar da aka kawo daga Arewa wata uku ba ta san hanyar kasuwa ba. Dalilin da ya sa jaruman onlayin suka zama kamar 'yan gida ɗaya shi ne kowa daga littafin 'yar uwarta take kwasowa, wannan ta kwafi waccan, waccan ta kwafi ta gabanta, ruwa ya yi ta salancewa. Sai dai su ma mutanen unguwa kar ki ɗauko mutum ɗaya ɗungurungum, Idi-Araba kowa ya san kowa, za a gane ta ki jawo wa kanki rigima. Ki ɗauki tafiyar wannan, bakin waccan, damuwar wata.

Tela_IdiAraba:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Anti wlh na ji zafin abin da aka miki, na goge fejin nan uku kuma na yi bayani a gurup na ba da haƙuri. Yaya na Mile 12, na gwada na danfon jiya bayan isha'i, bai ce owa ba, zarcewa aka yi da shi ya dawo a ƙafa cikin yayyafi, ina rubutawa ina tambayar kaina me zai sa mutum ya zaɓi wahala a kan kalma ɗaya, sai na gane ashe in'ina gare shi, tun yana yaro ake masa dariya, shirun nasa ba girman kai ba ne mutane ne suke ɗauka haka. Daga nan komai ya juye. Yanzu ba mai kuɗi ba ne, ɗan okada ne da aka ƙwace masa mashin lokacin da aka hana su a Surulere a watan Yuni 2022, ya koma gadi a wani gida, yana da rubutun ajami mai kyau, duk abin da ya kasa faɗa a bayan takardar siminti yake rubutawa. Yana kawo wa wata tela yunifom ɗinsa ta kama masa aljihu, kullum sai dai ya nuna wajen da yatsa, ita kuma haushinsa take ji tana cewa raini ne, sai ranar da ta tsinci takardar a aljihun. Abu ɗaya ya rage min na wancan jarumin, yadda yake ƙwanƙwasa tebur da yatsa in ransa ya ɓaci, ina son abin sosai, in bar shi ko in cire?

Anti_Obalende:

Cire shi, da wannan ƙwanƙwasar masu karatu suka san wancan, ita za su fara cafkewa. Naki ai ba shi da tebur ma. Mashin ya tafi amma ina makullin? Ki bar masa shi a aljihu, in ransa ya ɓaci ya riƙa murza shi, ƙila ma shi ne yake huda aljihun da yake kawo mata ɗinki. In kin gama babin takardar ki turo min ta inbos kafin ki saka a gurup, ina son in ga ko telar ta iya karanta ajami ko sai ta kai wa wani ya karanta mata.